Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Ƙofar Mota Ta Ja Mutum da Hunturu?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce a Katsina. Ta ce da hunturu idan ta sauka daga mota ta taɓa ƙofa sai ta ji wuta ta ja ta, amma da damina ba ta ji. Shin batirin motar ne ya lalace?

Hajiya, batirinki lafiya lau, bolt 12 ɗin da yake bayarwa (bolt ma'aunin ƙarfin wutar lantarki ne) ba ya jan mutum haka. Wutar daga jikinki take. Kowane abu na ɗauke da caji iri biyu, fozitif da negatif, daidai wa daida. Yayin da tufafinki ke gugar kujera, ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektron kan tashi daga ɗaya su koma ɗaya, sai caji ya taru a jikinki. Da damina laimar iska na tsiyayar da shi a hankali. Iskar hunturu kuwa busasshiya ce, ga takalmin roba ya hana cajin sauka ƙasa, don haka yana nan har sai kin kusanci ƙarfe. Kafin wuta ta keta busasshiyar iska ana bukatar kimanin bolt 3,000 a kowace milimita, ke nan tartsatsi mai tsawon milimita 2 ya kai wajen bolt 6,000. Ba ya illa domin cajin ɗan kaɗan ne, nan take yake ƙarewa.

Maganinsa: ki riƙe ƙarfen ƙofar tun kafin ki tashi daga kujera, kada ki sake shi sai kin sa ƙafa a ƙasa. Kayan auduga ma sun fi na leda sauƙi.

Inda muke jan kunne shi ne gidan mai, domin wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur. A sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a bar ta a bayan mota, kuma bakin famfon ya riƙa taɓa bakin jarkar.

Sai wani ɗalibi daga Damagaram da ke tambaya: yaya matajin roba da aka goga a gashi ke ɗaukar guntun takarda bai taɓa ta ba?

Malam, kowane caji na da tasiri a sararin da ke kewaye da shi, shi ake kira filin lantarki. Matajin ya kwashi elektron ya zama negatif. Filinsa na ture negatif ɗin takardar baya kaɗan, ɓangaren da ke kusa ya zama fozitif, kuma mabambantan caji janyo juna suke. Coulomb, masanin Faransa, ya auna a 1785 cewa idan nisa tsakanin caji biyu ya ninka, ƙarfin kan ragu zuwa kashi 1 cikin 4. Shi ya sa sai ka kawo matajin dab da takardar. Ka yayyaga ta ƙanana, kuma gashin ya kasance busasshe, ba mai.