Yaro ya yi tambaya, amma ya tsaya jin amsa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa, in ba a ɗauke wuta ba.

Na farko, wannan gardama kan abin da ake koya wa yara a ajin kimiyya ba a Agege aka fara ta ba. A 1925 jihar Tenesi ta Amurka ta gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, don ya koyar da ra'ayin masanin halittu Darwin, wato cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, aka ci shi tarar dala 100. A 2012 jihar dai ta yi dokar da ta ba malamai damar sukar wannan ra'ayi da batun ɗumamar yanayi a cikin aji. Ni kam na ce yaro ya tambaya. Sharaɗina ɗaya ne, ya tsaya jin amsa.

Wa ya tuna kulorakwin? Hajiya, na ga kin yi dariya, ƙaiƙayin kika tuna ko? Da can in ka sha, zazzaɓi ya tafi. Sannu a hankali sai ya daina ci, har Najeriya ta koma magungunan ACT, wato haɗin magungunan zazzaɓin cizon sauro masu sinadarin artemisinin, a 2005. Maganin ne ya lalace? A'a. A cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan bambanta, magani ba ya kashe su. Sauran suka mutu, su kuma suka hayayyafa suka cika gari. Ku lura, ba wayo suka yi ba, ba taro suka kira ba. Wanda ya jure shi ya bar zuriya. Haka sauro yake yi da maganin feshi, shi ya sa kake fesa ɗaki, ka kwanta, ya zo kunnenka yana maka waƙa. Abin da Darwin ya bayyana a 1859 ke nan, ga shi a kemis ɗin unguwarku. Ɗanki da kike so ya zama likita, in bai gane wannan ba, yaya zai yi da marasa lafiya?

Na uku… na biyu ne? To. Yanayi. Teku ya cinye Bar Beach, wancan bakin teku na Legas. In ɗalibi ya ce, Malam, ɗumamar yanayi ce? Malamin kirki zai ce babban dalili shi ne ganuwar duwatsun da Turawa suka gina a mashigar tashar jiragen ruwa, ta tare yashi. Kun ga tambaya ta yi rana. Amma iskar kabon da ke ɗumama duniya aunawa ake yi tun 1958 a Hawayi. Kafin zamanin masana'antu wajen kashi 280 ce cikin miliyan, yau ta haura 420.

Alhaji, bismillah. Ku miƙa masa lasifika. Yana tambaya, wai an ce daga biri muke?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, su kansu masanan ba haka suka ce ba, cewa suka yi kakan asali ɗaya ne. Na san wannan ma ba zai kwantar maka da hankali ba. Maganar Annabi Adamu, alaihis salam, Liman yana nan, ya fi ni sani. Amma batun yana cikin manhajar WAEC, don haka yaro ya san abin da aka faɗa daidai kafin ya musa. Liman, ga lasifika.