Takardar tarihin mota da abin da inshora ba ya faɗa mata

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan wata takarda ce da dillalan motocin Amurka ke yawan nuna wa mai saye a fuskar waya, wato rahoton Carfax ko na AutoCheck. Dillali zai miƙo maka wayar ya ce, "Alhaji, duba da idonka, ba ta taɓa ko ƙwarzane ba." To, idan mota ta yi karo a can, kamfanin inshora ya biya kuɗin gyara, shin dole ne labarin ya fito a wannan takarda? A'a, ba dole ba ne.

Kamfanin Carfax, wanda aka kafa a 1984, tara bayanai yake yi da lambar shasi, lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17. Yana samo su daga ofisoshin rajistar motoci na jihohi, da 'yan sanda, da garejoji, da wuraren gwanjo. Abin da aka kai masa shi yake rubutawa. Shi kansa kamfanin bai ɓoye ba cewa ba kowane hatsari ne ke isa gare shi ba.

Inda doka ta tsaurara shi ne motar da inshora ya duba ya ce gyaranta asara ne, ya biya mai ita, ya karɓe ta. Irin wannan, dokar Amurka ta tilasta wa kamfanonin inshora su kai rahotonta ga rumbun bayanai na NMVTIS, wanda Ma'aikatar Shari'ar ƙasar ke kula da shi. Galibi su ne motocin da ke ƙarewa a gwanjon Copart da IAA, inda 'yan kasuwarmu da dama ke saye su loda wa jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Wannan tabon yakan fito a takarda.

Amma ƙaramin karo, a ce ƙofa ta lotsa ko fitila ta fashe, inshora ya biya aka gyara, wannan sai an dace. Idan ɗan sanda bai rubuta ba, garejin kuma ba ya tura bayani, takarda za ta fito fes. Balle wanda ya biya mai gyara daga aljihunsa don gudun kada a ƙara masa kuɗin inshora, kuma suna da yawa. Cikakken jerin kuɗin da inshora ya biya yana wani rumbun daban mai suna CLUE, na kamfanin LexisNexis, wanda ke ajiye bayanan shekara 7. Mai motar na can yana iya neman nasa, kai da kake tsaye a wurin dillali a Kano ko Maraɗi ba za a ba ka ba.

Akwai kuma masu wayo da ke sake wa mota rajista a jihar da dokarta ke da sassauci, don tabon ya ɓace daga takardar mallaka. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne ruwa ya shanye, kuma hukumomin Amurka sun yi ta gargaɗin cewa wasu za su koma kasuwa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, tarihin nan a bakin teku yake tsayawa. Duk abin da aka yi wa motar bayan an sauke ta, miƙe ƙarfe ne, sabon fenti ne, ko mayar da lissafin tafiyarta baya, babu mai rubuta shi.

Don haka a karɓi takardar, tana da amfani, amma kada a yarda da hoton da dillali ya turo. A kwafo lambar shasi daga ƙasan gilashin gaba, a gwada ta da wadda ke jikin ƙofar direba, a nemo rahoton da kai. Sannan a tafi da makaniki na amana ya ɗaga kafet ya duba tsatsa da busasshiyar laka, ya bi jikin motar da maganaɗisu, domin inda aka yi ciko mai kauri ba zai kama ba. Ya kuma kunna mota ya ga ko fitilar jakar iska ta kawo ta ɗauke kamar yadda ya kamata.