Yau na ga ƙarfe ya miƙe kamar danƙo

Assalamu alaikum jama'a, ku matso ku ga abin da ke hannuna, wallahi murna ta hana ni zama! Da safe guntun ƙarfen nan bai fi ɗan yatsa ba. Mun sa shi a tanderu, zafi digiri 950 a ma'aunin Celsius, inji yana jansa sannu a hankali, ya ninka tsawonsa fiye da sau goma bai tsinke ba. Ɗan uwansa da aka ja a sanyi kuwa, ƙarin kashi 30 cikin ɗari ya yi ya ɓalle.

Ƙarfe ne marar tsatsa da ake ce wa dufles, samfurin 2205: kuromiyam kashi 22, nikel wajen 5, molibdinam 3. Cikinsa jinsi biyu ne, ferayit da ostinayit, kusan rabi da rabi. To a nan sirrin yake. In ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen suka yi ƙanana, ƙasa da maikuron 10 (wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), sai su riƙa zamewa a jikin juna maimakon su tsage, kuma kowane jinsi yana tare wa ɗan uwansa hanyar girma. Na leƙa madubin ƙara girma, na gan su ƙanana ƙanana a cakuɗe, abin gwanin sha'awa.

Kada wani ya ce sa'a ce. Da hannuna na gasa shi a digiri 1300 har ya koma kusan ferayit zalla, na tsoma a ruwa, na murje shi a sanyi sai da kaurinsa ya ragu da rabi. Wannan murzar ce ke sa sababbin ƙwayoyi su tsiro ƙanana idan ya koma wuta. A nan Japan ma wani masanin ƙarfe mai suna Maehara ya yi suna kan wannan aiki a shekarun 1980, shi ya sa nake jin kaina yana kumbura in na shiga ɗakin gwajin nan.

Amma ina gargaɗinku, ɗalibai 'yan uwana, ku ji tsoron sigima, wani jinsi na uku mai tauri da ke tsirowa a cikin ƙarfen. Tsakanin digiri 600 da 1000 take fitowa. A cikin wuta tana iya taimakawa wajen riƙe ƙwayoyin, amma da ƙarfen ya huce sai ya zama mai saurin karyewa. Kuma kada gaggawa ta sa ku ƙara wa inji gudu, ramuka za su buɗe a tsakanin ƙwayoyin, aikin mako guda ya tafi a banza. Bari in yanka wannan in goge shi, gobe mu duba ko ramukan sun fara.