Tsawon Harsashi da Saitin Ƙaramar Bindiga

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu uku zan taɓo yau kan wata sana'ar hannu da 'yan wasan harbi ke yi a Amurka, wato ɗura harsashi da kansu. Mutum ya tsince kwanson da ya harba, ya wanke, ya zuba sabon albarushi, ya danna ƙwayar dalma a baki. Tambayarmu ita ce, zurfin da ya danna ƙwayar nan, wanda shi ke yanke tsawon harsashin gaba ɗaya, yana taɓa saiti ko ba ya taɓawa?

Na farko, iyaka. Akwai ƙungiyar SAAMI da aka kafa a 1926, ita ke fitar da ma'auni. Harsashin 9mm da Georg Luger ya ƙera a farkon ƙarni na 20, tsawonsa ba ya wuce inci 1.169. Na .45 ACP, aikin John Browning, inci 1.275. Wannan rufi ne fa, ba umarni ba ne cewa kowa ya kai can.

Na biyu, kuma nan ne zuciyata take, ku yi mini haƙuri in na daɗe. Ɗaki. Ɗan ɗakin da ke tsakanin albarushi da gindin ƙwaya. Kwanson 9mm duka-duka milimita 19 ne. Ƙwaya ta cinye wani sashe, albarushi ya cinye wani, me ya rage? Kaɗan ne ƙwarai. Idan albarushi ya kama, hayaƙinsa wurin zama yake nema. Ka rage masa ɗaki, ya ƙara zafin rai, kamar baƙi goma da aka sauka a shago ɗaya. (Dariya.) Kuma 9mm dama can yana aiki ne kusa da matsi na psi 35,000 (psi ma'aunin matsi ne), alhali .45 ACP na tsayawa a 21,000 da kwanso mai faɗi. Shi ya sa kaurin gashi uku ko huɗu da ka ƙara dannawa, .45 zai iya haƙuri, 9mm ba lallai ya yi ba.

Ina maimaitawa, ɗaki. Malam mai farar hula, na ga ka rubuta, ja masa layi. Idan wannan harsashi ɗakinsa ya fi na wancan, matsinsu ya bambanta, gudunsu ya bambanta, a yadi 50 sai ka ga ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Ashe ba wani tsawo na sirri ne ke kawo saiti ba, daidaituwa ce. Harsasan duka su fito uwa ɗaya uba ɗaya.

Ku tuna 'yan bindigar hawan sallah. Tsoho cikinsu ya san ɗurin da aka danna sosai da wanda aka bari sako-sako ba ƙara ɗaya suke yi ba. Kunnensa ne ma'auninsa. 'Yan wasan harbin Amurka kuma ma'aunin ƙarfe suke sawa.

Wallahi abin da ke burge ni shi ne harsashin .38 Special na masu gasa. A Camp Perry ta jihar Ohio, inda ake gasar ƙasa tun 1907, an daɗe ana harba ƙwaya mai shafaffen kai da ake nutsa ta gaba ɗaya cikin kwanso. Dalili? Kwanson dogo ne, tun zamanin baƙin albarushi aka yi shi, ɗan albarushin zamani sai ya yi ta yawo a ciki. Suka cike ɗakin da ƙwaya, ƙuna ta daidaita. Gajeren harsashi, ga shi yana huda takarda kamar an sa almakashi.

Na huɗu... au, na uku ko? Lokaci ya tafi. Masu dogayen bindigogi suna tsawaita harsashi don ƙwaya ta kusanci tsagin cikin bututu. A ƙaramar bindiga ribar wannan ba ta da yawa. Ya yi tsawo, ya ƙi shiga gidan harsashi ko ya ciji tsagin. Wasu bututun, irin na ƙaramar bindigar CZ 75, maƙogwaronsu, wato ɗan filin da ke kafin tsagin, gajere ne. Shi ya sa ake cire bututu a jefa harsashin, a ji ya faɗa da kansa, a kife ya faɗo.

Na'am, 'yar'uwa?

(Tambaya: Malam, mutum zai iya gwada wannan a gida Najeriya?)

A'a, 'yar'uwa, sam. Dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da lasisi ba, kuma hukuncinta ɗauri ne. Can ma da doka ta yarda, ba da ka ake yi ba, littafin kamfanin albarushi ake bi layi-layi, domin su ke da na'urar auna matsi. Wanda ya canja tsawo, dole ya koma ƙaramin awo ya faro daga tushe. Na taɓa riƙe bututun da ya tsage saboda ƙwaya ta nutse ciki lokacin da harsashi ke hawa zuwa bututu, ƙarfen ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Mai shi ya tsira da yatsunsa, alhamdu lillahi.

An kira salla ko? To, mai tambaya ta biyu ya riƙe ta, sai mun dawo.