Lambar da ta tashi daga babin taɓin hankali

Masu kallo, in kuka je asibiti a ƙasar da inshora ko gwamnati ke biyan kuɗin magani, akwai wata 'yar lamba da likita ke rubutawa a takardarku. Ba kowa ke lura da ita ba. Amma da ita ake biyan kuɗi, da ita ake ƙirga marasa lafiya. In babu ita, sau da yawa babu magani.

Lambobin nan daga kundin Hukumar Lafiya ta Duniya suke fitowa, wanda ake kira ICD. A bugu na 10, da aka amince da shi a 1990, akwai lamba F64. Ita ake ba mutumin da yake jin cewa jinsin da aka haife shi da shi ba nasa ba ne, wato waɗanda ake kira masu sauya jinsi. Kada a haɗa su da mata-maza, domin su waɗancan a halittar jikinsu bambancin yake. Harafin F kuwa a kundin nan na babin cututtukan ƙwaƙwalwa ne.

To me hakan ya jawo? Kafin mutum ya samu maganin homon, wato sinadarin da ke sauya siffar jiki zuwa ta namiji ko ta mace, ko tiyata, sai likitan ƙwaƙwalwa ya sa hannu cewa yana da cuta. Kundin ya ce sai an tabbatar ya shekara biyu a wannan hali. Wasu asibitocin suka ƙara da sharaɗin ya yi wata da watanni yana rayuwa a jinsin da yake so kafin a saurare shi. Da yawa suka gaji da jira, suka koma sayen homon a bayan fage, ba gwajin jini, ba mai duba su.

Sai masu bincike suka yi tambaya: damuwar da mutanen nan ke ciki, daga ina take? A 2016 mujallar Lancet Psychiatry ta buga wani bincike da aka yi a birnin Meziko kan mutum 250. Abin da aka gano shi ne, ƙyamar dangi da jama'a da cin zarafi sun fi bayyana damuwarsu fiye da yadda suke jin jinsinsu.

Nan fa aka shiga tsaka mai wuya. A bar lambar inda take, tambarin taɓin hankali na nan. A goge ta baki ɗaya, kamar yadda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi ɗaya daga kundinta na DSM a 1973, sai inshora ta ce ba abin da za ta biya. Shi mai neman jinsi ɗaya ai ba magani yake nema ba. Mai sauya jinsi kuwa yana buƙatar likita, wani lokacin tsawon rayuwa.

Amurkawa sun ɗauki rabin hanya. A 2013, bugu na 5 na DSM ya daina kiran jinsin da mutum ke ji cuta, ya mayar da hankali kan ƙuncin da ke tattare da shi, in ya kai wata shida. Amma dai har yanzu cikin littafin likitocin ƙwaƙwalwa yake. Danmak ba ta jira kowa ba, ta cire sauya jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a farkon 2017.

Dabarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi burge ni. Ba ta goge ba, ƙaura ta yi masa. A ICD bugu na 11, da ƙasashe suka amince da shi a watan Mayun 2019 ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, an kai shi babi na 17, na lafiyar jima'i, da sabuwar lamba HA60, da sabon suna mai nufin rashin daidaituwar jinsi. Kuma ba sharaɗi ba ne sai mutum ya nuna yana cikin ƙunci. Ku tuna, juna biyu ma yana da lamba a kundin nan, ba wanda ya ce cuta ce.

Sai dai sauya lamba bai kashe muhawara ba, musamman kan yara. A Ingila, rahoton Dakta Hilary Cass na 2024 ya ce hujjojin da ake da su kan magungunan jinkirta balaga ba su da ƙarfi, aka kuma taƙaita ba da su. Suwidin da Finlan ma sun ja baya. Manya kuwa a Ingilar suna shafe shekaru a layi kafin ganin likita na farko. Kowace ƙasa ita ke zaɓar lokacin da za ta koma sabon kundin, kuma asibitocin Amurka har yau da bugu na 10 suke cike takardun inshora, F64 na nan a kai.