Rigimar Ruwa Biyu a Turanci

Bilkisu: Tun makon jiya masu sauraro suka dame mu da saƙo kan alamar ruwa biyu, wato ɗigo biyun nan ɗaya bisa ɗaya (:), musamman masu shirin WAEC. To, a Turanci sai jimla ta cika kafin ka ɗiga ta. "I bought three things: rice, oil and salt." Ka tsaya a "things", magana ta kammala. Amma ka rubuta "I bought: rice and oil", jan biro zai hau kanka.

Sani: Anti, wato sai in jeri zai biyo baya?

Bilkisu: Ina! Bayani ma tana shigo da shi, ko maganar wani. Tamkar sallama ce, ka ce ga abu nan tafe.

Isuhu: To gwada mana da lefen Sani. Kayan da ya haɗa, ruwa biyu...

Bilkisu: Akwati ɗaya, aya!

Sani: Haba Anti! Uku ne.

Isuhu: Har da kit ɗin?

Sani: Kit ba akwati ba ne?

Isuhu: A Maraɗi dai ba ma ƙirga shi.

Bilkisu: Abu ɗaya ma ai ya halatta bayan ruwa biyu, Sani, kada ka damu, nahawu na bayanka ko dangin amarya sun ƙi.

Sani: Allah ya isa.

Bilkisu: Kai kuma Malam Isuhu, na ga saƙonninka. Kullum sai ka bar fili kafin ɗigon.

Isuhu: Haka ƙa'idar Faransanci take, da ita muka tashi.

Bilkisu: A Turanci manne take da kalmar, filin a bayanta yake. Sai batun babban baƙi. Mutanen Ingila galibi ƙarami suke sawa bayanta, a Amurka da yawa kan sa babba in cikakkiyar jimla ce ta biyo. Wasiƙar aiki ma, Ba'amurke zai sa ruwa biyu bayan "Dear Sir", mu da muka gaji Ingila waƙafi muke sawa. Ɗalibai, ku riƙe waƙafinku. Agogo kuma 10:30, ko sura da aya, 2:255...

Sani: Waƙafi mai ruwa fa? Shi aka fi tambaya.

Bilkisu: Kash, an ɗaga mana hannu, lokaci ya cinye. Sai wani makon.

Isuhu: Sani, ka taho da kit ɗin.