Shirun asibiti ba shaidar lafiya ba ne: yadda ake sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. A watan Disamba na 2013 wani ƙaramin yaro ya rasu a ƙauyen Meliandou da ke kudancin Gini bayan ya yi fama da zazzaɓi da amai, sannan 'yan gidansu suka riƙa bin sa ɗaya bayan ɗaya. Da farko ma'aikatan lafiyar yankin sun zaci kwalara ce, don ita suka saba gani. Sai a watan Maris na 2014 aka tabbatar Ibola ce. Wata uku ke nan cutar tana cin karenta babu babbaka. Kafin a ga bayanta a 2016, ta kama mutum sama da 28,000, ta kashe sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo.

To ku kwatanta da abin da ya faru da cutar ta sauka Legas ranar 20 ga Yuli, 2014. Da aka gane ta, sai aka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu ita, ana auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. Mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, aka rufe babin a watan Oktoba. Cutar ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne saurin ganowa, da kuma sanin inda za a duba.

Wannan aiki shi ake kira sa ido kan cututtuka, kuma daga littafin rajistar ƙaramin asibiti yake farawa. Ma'aikaciyar lafiya ta rubuta shekarun mara lafiya, daga ina ya zo, yaushe ciwon ya fara, da alamomin da ta gani. Ba ta jiran sakamakon gwaji, domin kowace cuta akwai siffar da aka amince da ita. Yaron da ya zo da zazzaɓi da ƙuraje a jiki, ga tari ko majina ko jan ido, ana rubuta shi a matsayin wanda ake zargin ƙyanda ce, ko a wace ƙasa yake. A ƙarshen mako alƙaluman su haura zuwa gunduma, daga nan zuwa hukumar ƙasa. Wasu cututtukan ma ba sa jiran ƙarshen mako. Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun wajabta wa ƙasashe sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 idan mutum ko da guda ɗaya ne ya kamu da agana, ko shan inna ta asali (wato wadda ba daga ƙwayar rigakafi ta samo asali ba), ko sabon nau'in murar mutane, ko cutar numfashi mai tsanani da ake kira SARS.

Idan alƙaluman suka iso hannun masanin bazuwar cututtuka, tambayoyinsa uku ne: su wa ta kama, a ina, kuma yaushe? Sannan ya tambayi yawan jama'ar wurin, domin mutum 30 a birni mai miliyoyin mutane daban, mutum 30 a ƙaramar gunduma daban. Shi ya sa a cutar sanƙarau ake da ƙa'ida: idan aka samu mutum 10 cikin kowane 100,000 a mako guda, an shiga annoba, sai a tashi tsaye. Wannan salon lissafi ya daɗe. A 1854 likita John Snow ya zana gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho ta Landan, ya ga sun kewaye famfon ruwa guda, aka cire hannun famfon. Masu ba da labarin sukan ƙara gishiri, don annobar ta riga ta fara lafawa kafin a cire shi. Amma dai ya nuna hanyar cutar tun ba a yarda cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa ta ba.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya. Idan asibiti bai aiko da rahoto ba, me hakan ke nufi? Babu cutar ne, ko takardar ce ta ƙare, ko ma'aikacin ya bar aiki, ko hanya ce ba ta biyuwa? Daga ofis ba a iya bambancewa. Saboda haka ake tilasta wa kowane asibiti ya aiko da rahoto ko da bai ga kowa ba, ya rubuta sifili da hannunsa. Sifilin da aka rubuta bayani ne, gurbin da aka bari fayau kuwa alamar tambaya ce.

Babu inda aka ɗauki wannan magana da muhimmanci kamar yaƙi da shan inna. Cikin kusan yara 200 da ƙwayar cutar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanye wa ƙafa. Mafi yawan sauran suna yawo garau suna yaɗa ta. Don haka duk yaron da bai kai shekara 15 ba, da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗaukar bahayarsa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Mafi yawansu za a tarar ba shan inna ba ce, wata lalurar ce daban. Kuma abin da ake so ke nan! A yankunan da ake fargabar cutar, ana sa ran tsarin ya gano aƙalla yara 2 masu irin wannan shanyewa cikin kowane yara 100,000 'yan ƙasa da shekara 15 a shekara. Maigadin da ya shekara bai taɓa cewa ko kyanwa ta gifta ba, barci yake yi.

An ga amfanin wannan taka-tsantsan a 2016. Nijeriya ta yi shekara biyu ba a samu mai shan inna ta asali ba, har an fara murna, sai ga ta a jihar Borno a watan Agusta. Da aka binciki tsarin halittar ƙwayar, aka tarar jikanyar wadda aka gani a yankin ce tun 2011. Kusan shekara biyar tana zagayawa a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Akwai kuma hanyar da ba ta jiran kowa ya zo asibiti, wato ɗibar ruwan magudanar bahaya a gwada. Ta haka aka gano ƙwayar shan inna a Landan a 2022 ba tare da an samu yaro ko ɗaya da ta shanye ba, aka yi wa yaran birnin ƙarin rigakafi. Lokacin korona ma birane da yawa sun riƙa ganin cutar tana tashi a ruwan ƙazanta kafin asibitoci su cika.

Duk da haka, alƙaluman da ake sanarwa kullum suna ƙasa da gaskiya, domin wanda ya yi jinya a gida ya rasu a gida bai shiga rajistar kowa ba. A shekarun 2020 da 2021, ƙasashe sun ba da rahoton mutuwar kimanin mutum miliyan 5.4 sanadin korona. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kwatanta yawan mace-macen waɗannan shekaru da abin da aka saba gani, sai ta ƙiyasta rarar ta kai kusan miliyan 14.9. Shi kansa wannan lissafi ƙiyasi ne, saboda ƙasashe da dama ba su da cikakkiyar rajistar mutuwa, sai da aka yi amfani da bayanan wasu ƙasashen aka cike musu gurbi.